Ƙaiƙayi Tun Daga Cibiya

Didaouré, Sokodé
15 ga Afrilu, 2024

Ƙanwata Ummusalma,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau. Ya gida, ya maigidanki Malam Karim da ɗalibansa, ya yara, ya jaririyarmu Rahinatou? An yi sallah lafiya? Mu nan lafiya lau, in ban da zafin da yake neman dafa mu da ranmu.

Ga atamfa turmi biyu na ba direban motar Dapaong. Takardar nan tana cikin ninkin shuɗin. Kada ki ce me ya hana ni buga waya. Wayarki tana aljihun Malam, tawa kuma duk saƙon da ya shigo sai surukata Hajiya Jumma ta ce a ƙara murya ta ji. Hausa da haruffan lakwal kuwa, wato na boko, babu mai iya karanta ta a gidan nan sai ni.

Cikin ya shiga wata na shida. Shekara goma sha shida ina cin shinkafar sunan mutane, yau ni ce ake cewa in zauna kada in ɗaga komai. Maigidana Alhaji Issifou, mahaucin da ko kallon jinin shanu ba ya girgiza shi, ya ga hoton ciki ya fita waje yana goge ido. Namiji ne, Salma.

Gari duk ya ɗauka addu'a ce da maganin Lomé. Alhaji ya san an yi dashe, amma a saninsa ƙwaina ne aka haɗa da nasa. Takardun asibitin nan ni na karanta masa kafin ya sa hannu, kin tuna, na tsallake layi biyu kamar yadda nake tsallake tabo in ina buɗe wa mai saye yadi. Cewa likita ya ce ni ba ni da sauran ƙwai, kuma ke kika bi ni Lomé da sunan sarin kaya kika ba ni naki, daga ni sai ke sai Allah. Kakata da kakarki ciki ɗaya suka fito, to ina baƙon yake?

Wani abin dariya. Da Hajiya Jumma ta ji namiji ne, sai ta tuna zanen da ta ɗaura wa Rahinatou ranar suna. Ta ce: "Ai na riga na kama masa mata a Dapaong, a gaya wa uwarta kada ta ba kowa." Kin san tsohuwar nan, wasa take fara abu.

Ba abin da ke damuna sai wani ƙaiƙayi a gefen cibiya, kwana biyar ke nan. Na ce ko ƙurajen zafi ne. Ina sosawa a rumfa ta ƙarƙashin mayafi, ina yi wa masu saye murmushi.

Ki ƙona takardar in kin karanta.

Yayarki,
Khairiya

*

Dapaong
24 ga Afrilu, 2024

Yaya Khairiya,

Wa alaikumus salam. Na sami saƙo, na gode, Allah Ya ƙara buɗi. Muna lafiya. Rahinatou ta yi ɗan mura amma ta warware. Allah Ya sauke ki lafiya. Ƙaiƙayin nan ki nuna wa ungozoma, kada ki yi ta shafe-shafen kasuwa.

Yaya, abin da kika ce na dariya ni bai ba ni dariya ba. Auren Nafissatou ta gidan kawu da wasan zane ya fara, yau 'ya'yanta uku. Hajiya Jumma ba ta manta abin da ta kama. Yaron nan da ke cikinki da Rahinatou jini ɗaya ne, jinina ne su duka biyu. In suka girma aka ce a haɗa su, da wane baki za mu hana?

Na yi ta tunani har na sami hanya. Na ji Malam yana karantar da ɗalibai cewa jaririn da ya sha nonon mace, ko kaɗan ne in dai ya isa cikinsa, ya zama ɗanta, 'ya'yanta sun haramta gare shi. Ina da nono yanzu. In kin haihu zan zo, ki ba ni shi in shayar a gaban mutane. Shi ke nan an rufe ƙofar, ba wanda zai tambayi dalili.

Tun da muka dawo daga Lomé ban sami natsuwa a sallata ba. Ki bar ni in gyara wannan kaɗai.

Ƙanwarki,
Ummusalma

*

Didaouré
6 ga Mayu, 2024

Ummusalma,

Salam. Ina fata kuna lafiya. Ni ba lafiya ba.

"Jinina ne." Sau huɗu na karanta wurin. Yaro bai ko ga hasken duniya ba kin fara miƙo hannu. Ni 'yar kasuwa ce, na san mai zuwa ta ce bari in taɓa kawai. Taɓawa ce ta farko, sai a gwada a kafaɗa, sai a ce ya dace da ni. Yau ki shayar sau ɗaya a gaban mutane, gobe duk Zongo a ce ga ɗan Ummusalma na nono. Ke kina da huɗu. Ni wannan ɗaya ne, shi ma allura nawa na sha a kansa, sau nawa na kwanta a kan gadon ƙarfen nan, kin gani da idonki ranar da dashen farko ya zube.

In natsuwar salla kike nema, ki nema a kan dardumarki, ba a kan cinyata ba.

Ƙaiƙayin ya zama wani abu. Ya fara da jan tabo zagaye da cibiya, ya bi cinya, ya bi hannu, yanzu ya zama bororo, ƙuraje manya cike da ruwa kamar wadda aka watsa wa tafasasshen mai. Har tafin ƙafa. Fuskata kaɗai ya bari, don in ci gaba da yi wa mutane ƙaryar ina lafiya. Shekaranjiya wata Madam da ta shekara tara tana saye a wurina ta ga wuyan hannuna, ta ajiye turmin a hankali, ta ce za ta dawo. Na san irin wannan dawowar. Na rufe rumfa.

Hajiya ta ce sammu ne, ta kawo rubutu da ganye. Maƙwabta sun ce mai yaɗuwa ne, sun hana 'ya'yansu shigowa. Likitan fata ya yanki ɗan abu kaɗan a cinyata ya aika Lomé, ya ce mu jira.

Kada ki zo.

Khairiya

*

Dapaong
13 ga Mayu, 2024

Yaya,

Ina gaishe ki da jiki. Allah Ya ba ki lafiya, Ya sa kaffara ce.

Wallahi ba haka nake nufi ba. Ranar da na ba ki, na ba ki ne har abada. Ban iya tsara magana kamar ke ba, shi ya sa ta fito a karkace. Ki yafe mini. Ga man kaɗe mai kyau na aiko, na matan ƙauye ne, ba a gauraya shi da komai ba. Ki tambayi likita kafin ki shafa.

Ummusalma

*

Dapaong
12 ga Yuni, 2024

Yaya Khairiya,

Salam. Mu lafiya. Wata guda ke nan shiru. Kullum motar Sokodé ta iso sai in hau zemijan, babur ɗin haya, in je tasha, direba ya ce ba saƙo. Jiya ya ce ya ji kina asibiti. Na sa Malam ya kira Alhaji, Alhaji ya ce da sauƙi, ya kashe. Na san da sauƙin maza.

In fushi ne, ki zage ni a takarda, zan karɓa. Ki dai gaya mini kina raye, kuma yaron yana motsi.

Ummusalma

*

Asibiti, Sokodé
21 ga Yuni, 2024

Salma,

Salam. Ina raye. Yana motsi. An yi babbar sallah lafiya? Tawa a kan gado na yi ta, matar mahauci guda ko ƙamshin gasasshen nama ban ji ba.

Fushin na sati ɗaya ne. Sauran kwanakin yatsuna ne suka ƙi riƙe biro, bororo ya fito a tsakaninsu. Yau an fasa an naɗe, shi ya sa rubutun ya zama kamar na ɗan aji ɗaya.

Sakamako ya dawo daga Lomé. Sunan ciwon dogo ne, na Faransanci, ba zai amfane ki ba. Likita ya ce ba sammu ba ne, ba ya yaɗuwa, kuma cikin mata dubu da yawa da ƙyar ake samun ɗaya. Na ce ko a cuta ma sai na ɗauki wadda babu irinta a kasuwa. Bai yi dariya ba. Ya ce jikin mutum yana da masu gadi da ke yaƙar abin da ya shigo daga waje. Nawa sun dubi mabiyiyar yaron sun ɗauke ta baƙuwa, suka fara yaƙarta, daga nan suka rikice suka koma kan fatata.

Na bari Alhaji ya fita karɓo magani, na tambaye shi: "Dokta, don ƙwan ba nawa ba ne?" Ya ce yana samun matan da suka yi ciki da nasu ƙwan a kan gadonsu, kada in ɗora wa kaina. Na ce: "Ban tambaye ka sauran mata ba." Sai ya ce ba zai iya rantsuwa ba, ko ta nan ko ta can. Mai sayarwa in ya ce ba zai rantse ba, na san abin da ke cikin kwalin.

Shekara ashirin ina sayar da atamfar China da sunan Holan, Salma, ba mace ɗaya da ta taɓa kama ni. Na ruɗi Alhaji, na ruɗi Hajiya, na ruɗi Didaouré kaf. Jikina ne kaɗai ya shafa yadin ya ce ba na gidan nan ba ne.

Abin da ya fi ƙurajen ciwo shi ne Alhaji. Kullum da rana sai ya baro rumfar nama, ya zo da ƙanƙara daga firigonsu naɗe a tsumma, ya zauna yana ɗora mini a inda ba ta fashe ba. Yana cewa: "Ki yi haƙuri, Hajiyata, duk don ki haifa mini ɗa kike shan wannan." Da zai zage ni da na fi jin sauƙi. Sau biyu na buɗe baki zan gaya masa, sau biyu na ce a ƙara ƙanƙara.

Ƙwayoyin da suke ba ni sun rage ƙaiƙayin, amma sun kumbura mini fuska, sun tayar da suga. Sun ce yaron bai kai girman da ya kamata ba, kuma yana iya zuwa kafin lokaci. Ki yi masa addu'a. Kina da haƙƙin wannan, ban hana ki ba.

Man kaɗen ya iso. Likita ya yarda in shafa a inda ya bushe.

Khairiya

*

Asibiti, Sokodé
11 ga Yuli, 2024

Salma,

Salam. Na haihu ranar Lahadi, aiki aka yi mini. Wata takwas bai cika ba. Yana cikin kwalba, bai fi tafin hannun Alhaji biyu ba. Za a sa masa Zaidu.

Kwana biyu da haihuwa ciwon ya dawo fiye da da, sun ce haka yake yi. Wannan karon ya hau ƙirji, har kan nonon. Ruwan ma bai zo ba, an matsa an matsa, sai ɗigo. Madarar gwangwani kuma cikinsa ya ƙi ta, yana amayarwa. Ungozoma ta tambaya ko akwai mai shayarwa a dangi.

Na ce akwai.

Ki zo da Rahinatou. Ki hau motar farko. Abin da na rubuta miki a watan Mayu, ki ɗauka ƙaiƙayi ne ya rubuta.

Khairiya

*

Dapaong
19 ga Agusta, 2024

Yaya,

Salam. Mun iso lafiya, sai dai ruwa ya tsare mu a Mango. Ya jiki? Ya Zaidu? Ya karɓi madarar kuwa?

Ban so tahowa ba, kin sani. Sati biyar Malam ya yi haƙuri, ga yara uku, ga tukunyar ɗalibai ba mai ɗorawa. Da ya ce in dawo ban iya musu ba, don in na dage zai tambayi dalili.

Tun a mota nonon yake zuba a lokacin da Zaidu ya saba sha. Na faɗa miki ne don kada in ɓoye miki komai, ba don wani abu ba. Kada ki karanta shi sau huɗu.

Na ga yadda kike juya fuska bango in na ɗauke shi. Na yi ƙoƙari in riƙa shayarwa ba tare da na kalli fuskarsa ba. Ban iya ba kullum.

Hajiya Jumma ta raka ni tasha tana mita, wai mun ɓata mata aure, yanzu Zaidu da Rahinatou wa da ƙanwa ne, ko ya da ƙane, oho, ta ce in dawo mata da zanenta. Na yi dariya, na shiga mota na yi kuka.

Malam ya ce in jikinki bai yi ƙarfi ba, ba laifi a kawo yaron nan in riƙe shi har yaye. Shi ya faɗa, ba ni ba. Ke ce uwa, abin da kika ce shi ne.

Ummusalma

*

Asibiti, Sokodé
2 ga Satumba, 2024

Ƙanwata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaishe da Malam, ki ce na gode masa. Ya yara? Ya Rahinatou da rabon nonon da aka yi mata?

An sake kwantar da ni. Ƙurajen cinya sun yi ruwa, ga zazzaɓi, ga sugan ya ƙi sauka. Likita ya ce zai wuce, amma ba zai ce wata nawa ba.

Sau ɗaya na karanta takardarki. Ya ishe ni.

Na gwada duk dabarar da na sani, Salma. Na canza madara kala uku. Na sa an samo wata mai jego a unguwarmu, ta zo kwana biyu, mijinta ya ji labarin fatata ya hana ta. Na ɗiga madara a kan nonona inda ya warke don ya ɗauka daga nan take fitowa. Ya kama sau ɗaya, ya saki, ya buɗe ido ya kalle ni. Ban taɓa ganin mai saye da ya gane jabu da sauri haka ba. Abin da ya ƙaru a sati biyar ɗinki, ya zubar da rabinsa a sati biyu. Jiya da aka ɗora shi a sikeli, ungozoma ba ta faɗi lambar da ƙarfi ba.

Alhaji ya ce shawara tana hannuna. Ya ce riƙo ba baƙon abu ba ne a dangi, shi ma a hannun gwaggonsa ya tashi a Kara. Ya ce Allah Ya saka miki, wai ko uwar da ta haife shi iyakar abin da za ta yi ke nan. Na ce haka ne.

Ki zo ranar Juma'a ki ɗauke shi. Hajiya za ta raka ku har Dapaong ta kwana biyu. Na haɗa kayansa: riguna, huluna saboda sanyin damina, katin awo, da ruwan ƙarin jini da ake ɗiga masa da safe. Ba ya son a kwantar da shi nan take bayan ya sha, sai an ɗora shi a kafaɗa. Ko da yake me nake gaya miki, a wurinki na koya.

In ya fara zama, ki rubuto. In ya yi haƙori, ki rubuto. In ya fara kiran ki da sunan da sauran yaranki suke kiran ki, wannan kada ki rubuto. Kuma ki kalli fuskarsa in kina shayarwa. Yaro ba ya ƙiba a hannun mai kallon bango.

Akwai abin da ban gaya miki ba kina nan, don Hajiya ba ta matsawa. Kin tuna 'yan ƙurajen da ya zo da su a ciki da cinya, waɗanda kike kaucewa in kina masa wanka? Na tambayi likita daga ina. Ya ce daga jinina, masu gadin nan nawa ne suka bi ta cibiya suka shiga jikinsa. Na ce: "Daga ni? Ba daga ubansa ba, ba daga kowa ba?" Ya ce daga ke kaɗai. Salma, kunyar faɗa nake ji, amma ranar na ji daɗi. Hancin na Alhaji ne. Goshin da yatsun, ni da ke mun san na wace ce. Ƙurajen nan su ne nawa. In ba kowa a ɗakin sai in ɗaga rigarsa in duba su.

Likita ya ce abin ba ya zama a jikin jariri, yana fita da kansa. Gaskiya ya faɗa. Yau da safe da aka kawo mini shi na ɗaga rigar, fata sumul, ko tabo babu. Ungozoma ta kira Alhaji ya gani, Hajiya ta yi guɗa a cikin asibiti har aka tsawata mata. Ni ma na ce alhamdulillahi, da ƙarfi, don kowa ya ji.

Ki zo da zanen goyo mai kauri. Nawa sabo ne, yana da santsi, ban taɓa amfani da shi ba.

Yayarki,
Khairiya